Gyaran gida: me ya sa allura ke tono garma?

Tambayar tana tasowa duk inda masu gidaje suka haɗu: me ya sa kuɗin da aka yanka wa gyaran gida ba ya isa? Mutum ya ce banɗaki kawai zai sabunta, ko zai ɗan faɗaɗa kicin. An ce masa sati biyu, an rubuta masa lissafi a takarda. Yau wata uku ke nan yana kwana cikin ƙura, lissafi ya ninka, ma'aikata su zo yau, gobe a ji wayarsu a kashe. Amsar da ta fi kusa da baki ita ce an cuce shi. Su kuma ma'aikatan, in ka zauna da su, cewa za su yi masu gida ne ba su san abin da suke so ba, da safe a ce nan, da yamma a ce can.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Abin da ke hura wutar rigimar shi ne an tara abubuwa uku mabambanta an laƙaba musu suna ɗaya, wato "ƙarin kuɗi". Akwai ƙarin da gidan da kansa ya haifar, akwai wanda mai gida ya jawo da bakinsa, akwai kuma wanda tun farko aka san da shi aka bar shi a wajen takarda. Wanda bai rarrabe su ba sai ya yi faɗa a inda ya kamata ya biya, ya kuma biya a inda ya kamata ya ƙi.

Ƙiyasi daban, jinga daban

A wurin kalmomi ake fara samun saɓani. Ƙiyasi hasashe ne: mai aiki ya zo ya duba, ya auna, ya ce aikin zai ci kimanin kaza, bai ɗaure kansa ba. Jinga kuwa ɗauri ce. An fayyace aiki, an yanke kuɗi, in ya ci fiye da haka asarar mai aiki ce, in ya ci ƙasa ribarsa ce. Akwai kuma tsarin da mai gida ke sayen kaya da kansa yana biyan kuɗin hannu, ko na yini ko na abin da aka gama. Sau da yawa mai gida yana tashi daga zaman ciniki da tunanin an yi jinga, mai aiki kuma ya tafi da tunanin ƙiyasi ya bayar. Lamba ɗaya ce a takardar, amma kowa da yadda ya karanta ta.

Kowane tsari da inda yake cizo. A jinga mai aiki ne ke ɗauke da kasadar, don haka gogagge a cikinsu zai ɗora wani abu a kan kuɗin saboda abin da idonsa bai gani ba. Wanda bai ɗora ba, idan lissafi ya juya masa baya, a jikin aikin zai fanshe: a rage siminti a kwaɓi, a yi fenti shafa ɗaya a maimakon biyu. A aikin yini kasadar ta koma kan mai gida, kuma babu abin da zai sa ma'aikaci gaggawa tunda kowace fitowar rana kuɗi ce a wurinsa.

Sai kuɗin ko-ta-kwana, wato abin da ake warewa gefe saboda abin da zai ɓullo. Masu harkar gini sun saba cewa a ware kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin aikin, tsohon gida kuma a fi haka. Mutane da yawa suna kallonsa a matsayin rarar da za ta dawo musu a ƙarshe, har su riga su kashe shi a zuci kan sababbin kujeru. A gyaran gida, kuɗi ne da kusan tabbas za a kashe, ba a dai san a kan me ba tukuna.

Abin da ke bayan bango

Bambancin sabon gini da gyara shi ne, a sabon gini komai a fili yake, daga tushe har rufi ana ganinsa yana tashi. A gyara kuwa ana yin ciniki ne a kan fatar gida: fenti, tayil, silin. Bututun ruwa, wayoyin wuta, rodi, katakon rufi, duk suna lulluɓe, kuma wasu hannuwa ne suka sa su shekaru da suka wuce, ba wanda ya san da wane irin kaya ko wace irin gaskiya suka yi aikin.

Na koyi wannan a banɗakina. Tayil ɗin ƙasa ya tsufa, wasu sun tsage, na kira mai aiki muka yi ciniki a kan cirewa da sa sabo, har da na bango. Kwana huɗu ya ce. A rana ta farko, kafin azahar, na ji ya daina bugu. Ya leƙo ya ce, "Maigida, zo ka gani da idonka, kada ka ce mu ne." Ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, sai ƙarar ta fito kamar ta fanko. Ya sa ɗan yatsa, filasta ta zubo kamar jiƙaƙƙen yashi. A bayanta ga tsohon bututun ƙarfe, gwiwarsa ta yi ja da tsatsa, ɗigo ɗaya yana taruwa a hankali, ya yi nauyi, ya gangara cikin bulo, wani ya fara taruwa.

Na ce, "Malam, wannan yana cikin lissafinmu?"

Ya ce, "Lissafinmu na tayil ne, Maigida. Wannan sai mai famfo."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa fentin ɗaya gefen bangon ke kumbura yana ɓarewa. Sau biyu na sa aka sake shi, sau biyu ina zagin mai fenti a raina, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Gaskiya ne, ya san inda ruwa ke fitowa. Inda yake shiga kuwa, sau da yawa bai sani ba.

Daga nan abu ya fara bin abu. Mai famfo ya bi bututun da fasa, ya tarar duk layin ya cushe da tsatsa daga ciki, ramin da ya rage bai fi kaurin fensir ba, wanda hakan ya bayyana mini dalilin raunin ruwan shawa da na daɗe ina ɗora wa tanki laifinsa. Canza gwiwa ɗaya a bar sauran wauta ce, tunda gobe wata za ta ɓule a ƙarƙashin sabon tayil. Aka canza layin gaba ɗaya. Bango ya jiƙe, dole a bar shi ya bushe kafin a yi masa sabuwar filasta. Akwai soket a bayansa, danshi ya taɓa wayarsa, sai an kira mai wuta. Shi kuma mai tayil ba zai zauna gadin bango ba, ya tafi wani aikin, sai bayan kwana tara na sake ganinsa.

Irin wannan labarin yana maimaituwa da fuskoki daban-daban. A buɗe silin don canza shi, a tarar gara ta cinye katakon rufi ta bar ɓawo. A kankare tsohon fenti, a ga tsagar da aka cike da filasta aka rufa mata asiri. A zo sa na'urar sanyaya ɗaki ko hitar ruwa, a ga wayoyin gidan sirara ne, an sa su ne a zamanin da fitila da fanka kaɗai suke ɗauka, kuma babu wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne rodin da ruwa ya kai gare shi a cikin kankare. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, tsatsar tana cin wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta cinye, sai ta tura kankaren daga ciki har ya tsage ya fara zubowa. Wanda ya ga ɗan ɓalli a ƙasan bene ya ce a shafe masa da siminti, alamar ciwon ya rufe.

Abin da ya sa wannan ƙarin ya fi ciwo shi ne lokacin da yake zuwa. Kafin a fara aiki mai gida yana da ƙarfi: zai iya neman farashin mutum uku, zai iya cewa ya fasa. Da zarar an farfasa banɗaki, ruwa a kashe, ɓaraguzai a tsakar ɗaki, ƙarfin ya koma hannun wanda ke riƙe da guduma. Gaba kura, baya siyaki. Duk abin da aka ce masa a wannan halin, da wuya ya iya taya shi yadda zai taya a ranar farko.

"Tunda an riga an fasa"

Wannan jimlar ta fi gara cin kuɗin masu gida, kuma daga bakinsu take fitowa. Tunda an riga an fasa bangon, a ƙara soket biyu. Tunda ma'aikata suna nan, a ɗaga wancan tagar. Tunda an cire ƙofar, ai gara a sa babba. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, kuma wasu ma da hujjarsu, domin sa waya a bangon da ke buɗe ya fi sauƙi a kan a sake fasa shi baɗi. Matsalar ita ce da baki ake faɗinsu, a tsaye, cikin ƙarar guduma, ba a tambayi nawa ba, ba a rubuta ba. Mai aiki ya ce "ba damuwa, Maigida", mai gida ya ji kamar an ce kyauta ne, alhali abin da ake nufi shi ne za a iya yi. Ranar biyan ciko sai a ga takarda ta biyu, a fara rantse-rantse.

Canji kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Matsar da wurin wanke kwanuka taku uku yana nufin matsar da bututun ruwa mai shigowa, da na mai fita, wanda dole ya samu gangara ta kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita kafin ruwa ya bi shi da kansa. In gangarar ba ta samu ba, sai an fasa daɓe ko an ɗaga shi. In aka ɗaga daɓe, ƙofa ta daina buɗewa, sai an yanke ta.

Akwai kuma wani abu da ke cikin zuciyar ɗan Adam. Wani masanin falsafa na Faransa a ƙarni na 18, Denis Diderot, ya ba da labarin yadda ya samu sabuwar rigar zaman gida mai kyau, sai kwatsam kujerarsa da teburinsa da duk abin da ke ɗakin suka zama tsummokara a idonsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana canzawa har aljihunsa ya ji jiki. Masu nazarin halayyar masu saye har yau da sunansa suke kiran wannan ɗabi'ar. Duk wanda ya taɓa fentin ɗaki ɗaya a gida ya san ta: bangon falo da jiya ba ya damun kowa, yau kusa da sabon fenti sai ya zama abin kunya. Ni kaina a nan na fi jin ma'aikata suna da gaskiya a kanmu. Ƙarin da muka yi da bakinmu muna mantawa da shi da wuri, amma jimillar da ya haifar ba ma mantawa.

Abin da ba ya shiga takarda

Kashi na uku shi ne wanda aka san zai zo amma ba a rubuta shi ba. Kwashe ɓaraguzai a kai su inda doka ta yarda a zubar. Kuɗin dakon kaya da hawa da su bene. Hayar tsani ko katakon da ake tsayawa a kai. Gyaran abin da aikin da kansa ya lalata: tayil ɗin hanya da baro ya fasa, ƙofar da aka goga, lambun da aka zube wa yashi. Takardar izini daga hukumar da ke kula da gine-gine, wadda a ƙasashe da yawa sai da ita ake taɓa ginshiƙi ko a ƙara ɗaki, kuma wanda ya tsallake ta yana iya haɗuwa da tara ko umarnin rushewa, ko kuma ta tare shi ranar da ya zo sayar da gidan.

Kaya ma ba sa tafiya daidai da awo. Ɗaki mai murabba'in mita 20 ba ya cin tayil na mita 20, saboda yanka da fashewa. Shi ya sa ake ƙara kamar kashi 10 cikin 100, in za a jera shi a karkace ma fiye. Wanda ya sayi daidai wa daida ya koma kanti neman kwali ɗaya, sau da yawa sai ya tarar wancan zubin ya ƙare, sabon da ya zo launinsa ya ɗan bambanta, kuma bambancin da ba a gani a kanti a tsakiyar ɗaki yake bayyana.

A nan ne ha'inci ke samun wurin ɓuya, kuma a nan ne zargin masu gida ke da tushe. Akwai mai aikin da ya san sarai aikin zai ci fiye da abin da ya faɗa, amma ya san in ya faɗi gaskiya wani za a ba. Sai ya rage lissafi da gangan ya karɓi kafin alƙalami, ya fasa bango, sannan ya fara fito da sauran ɗaya bayan ɗaya. Tsarin neman mafi araha shi ke renon irin waɗannan: cikin mutum uku da suka kawo farashi, wanda ya fi mantuwa ko ya fi ɓoyo shi ke cin aikin, mai gaskiyar da ya lissafa har kuɗin kwashe shara a ce ya cika tsada. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan farashi ɗaya ya faɗo ƙasa sosai da sauran, abin tambaya shi ne me ya bari a waje.

Yadda jinkiri ke komawa kuɗi

Aikin gida jere ne, wani a bayan wani. Mai famfo da mai wuta sai sun gama kafin a yi filasta, filasta sai ta bushe kafin fenti, daɓe sai ya kama kafin tayil. Wasu daga cikin waɗannan jiran ba a sayen su da kuɗi. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Wanda ya matsa aka shafa fenti a kan ɗanyar filasta, nan da 'yan watanni zai biya kuɗin fenti karo na biyu.

Da mutum ɗaya ya makara, duk na bayansa sun watse, domin babu ma'aikacin da ke da aiki ɗaya tak a hannu. Jinkirin kwana biyu daga mai wuta yana iya zama na sati biyu, tunda mai filasta ya riga ya koma wani wuri. A tsakanin nan kuɗi na zuba ta wasu ƙofofi: hayar wurin da iyali suka koma, ranakun da mai gida ya bar nasa aikin don ya tsaya a kan ma'aikata, simintin da aka saya da wuri ya sha danshi ya dunƙule, domin siminti ba ya son ajiyar da ta wuce kamar wata uku.

Farashin kaya kuma ba ya jiran kowa. A Amurka, a watan Mayun 2021, farashin katako a kasuwa ya haura dala 1,600 a ma'aunin da suke ciniki da shi, kusan ninki huɗu na yadda yake kafin annobar korona. Duk wanda ya yi jinga kafin tashin ya fara aiki bayansa, dole ɗaya daga cikinsu ya ji a jikinsa, ko shi ko mai aikin. Shi ya sa 'yan kwangila da yawa ke sa wa farashinsu wa'adi, su ce wannan lissafin na kwana 30 ne.

Me ya sa kowa ke raina lissafi?

Da a ce masu ƙaramin gyara ne kaɗai ke faɗawa wannan ramin, sai a ce rashin sani ne. Amma babban zauren wasannin nan na birnin Sydney a Ostireliya, da aka ƙiyasta zai ci dalar ƙasar miliyan 7 a gama shi a 1963, sai a 1973 aka buɗe shi bayan ya ci miliyan 102. Farfesa Bent Flyvbjerg, ɗan ƙasar Denmark da ya daɗe a Jami'ar Oxford, ya tattara bayanan manyan ayyuka fiye da 16,000 a faɗin duniya, ya ga kashi 8.5 cikin 100 ne kawai aka gama a kan kuɗi da lokacin da aka tsara. Waɗannan ayyuka ne masu injiniyoyi da akantoci da lauyoyi.

Daniel Kahneman da Amos Tversky, masana halayyar ɗan Adam, sun bayyana wannan ɗabi'ar tun 1979. Idan mutum zai tsara aiki, hoton yadda zai tafi lafiya yake zanawa a kansa: a zo Litinin, a fasa Talata, a gama Asabar. Ba ya tambayar yadda irin wannan aikin ya ƙare a hannun wasu, kai har a hannunsa shi kansa a baya. Kahneman ya kawo misalin wani bincike na 2002 a kan Amurkawan da suka sabunta kicin ɗinsu: a matsakaici sun yi zaton kashe dala 18,658, suka ƙare da kashe 38,769.

Dalilin da ya sa kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata mai sauƙi ne. Hanyar da aiki zai bi ya tafi daidai guda ɗaya ce, hanyoyin da zai bi ya karkace ba su ƙirguwa. Kowace a cikinsu da wuya ta faru, amma a ce babu ko ɗaya da za ta faru ya fi wuya. Kuma da wuya a fasa bango a tarar da abin da ya rage kuɗi. Don haka tambayar maƙwabci uku da suka yi irin aikin nawa aka ce musu, nawa suka kashe a ƙarshe, ta fi zama da biro ana tara lambobi amfani.

Inda maganar ta wuce ta kuɗi

Akwai wuraren da garin neman gira ake rasa ido. Ba kowane bango ne shamaki kawai ba. Wani yana ɗauke da bene ko rufi, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Cire irinsa don a haɗe falo da kicin yana buƙatar injiniya ya lissafa, a tokare sama, a sa ƙarfe ko kankaren da zai karɓi nauyin. Haka ƙara bene a kan tushen da ba a yi shi don haka ba. Mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da kauri, tana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka. Tankin ruwa mai lita 2,000 idan ya cika, tan biyu ke nan a zaune a wuri ɗaya. A ranar 29 ga Yunin 1995 katafaren kantin Sampoong ya rufta a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, mutum 502 suka mutu. Canje-canje ne suka kai shi: an rage ginshiƙai don a samu wurin matakalar lantarki, an ɗora hawa na biyar a kan ginin da aka tsara wa huɗu, an ja manyan na'urorin sanyaya wuri a kan rufinsa har ya tsattsage.

Tsofaffin gidaje kuma suna ɗauke da abin da ke zaune lafiya muddin ba a taɓa shi ba. Asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda aka daɗe ana sawa a silin da rufi da bututu, idan aka fasa ko aka yanka shi ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ciwon kuma sai bayan shekara 20 ko 40 yake bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, amma yana nan a jikin gine-ginen da suka riga dokar. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta hana sawa a fentin gida tun 1978. Idan aka kankare irin wannan fentin a bushe, gubar tana bazuwa a ɗakin da yara ke rarrafe. Cire waɗannan ta hanyar da ta dace yana da tsada, kuma da wuya ka gan shi a lissafin farko.

To, wa zai biya?

In aka koma ga kashin nan uku, amsar ba ta da wuyar gani. Ruɓaɓɓen bututun da ba wanda zai iya gani kafin a fasa, na mai gida ne, domin gidansa ne, kuma ruɓewar ta riga mai aiki zuwa. Canjin da ya nema da bakinsa ma nasa ne. Abin da duk ƙwararre ya san aikin zai buƙata amma ya bar shi a wajen jinga, wannan na mai aiki ne. Inda ake jan daga shi ne tsakiya: bangon da fentinsa ya kumbura ƙarara, shin ba ya cikin aikin gwani ya ce akwai ruwa a nan kafin a yi ciniki? A ganina yana ciki, kuma mai aikin da ya tsaya ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa saman silin, ya buɗe akwatin wuta kafin ya faɗi farashi, ya riga ya nuna irin aikin da zai yi.

Manyan kwangiloli suna da hanyoyin rage wannan jayayyar, kuma babu abin da ya hana ƙaramin aiki aron su. Ana biya ne kashi-kashi bisa abin da aka gama, yadda kuɗi ba zai riga aiki nisa ba. Duk canji sai an faɗi kuɗinsa an rubuta kafin a taɓa shi, ko da saƙon waya ne. Ana riƙe ɗan wani abu, yawanci kashi 5 cikin 100, na wasu watanni bayan kammalawa, don a ga ko wani aibi zai fito. Su ma ma'aikata suna da nasu kukan a nan, kuma ba ƙarya suke yi ba: akwai masu gidan da ke fakewa da wannan riƙon su cinye haƙƙin mutum, a yi ta yi masa gobe-jibi har ya haƙura.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda duk abin da ya tara shi ne a hannunsa, haɗarin da ya fi girma shi ne aiki ya tsaya a tsakiya: rufi a buɗe, kuɗi sun ƙare, ruwan sama ya shigo ya lalata har abin da da lafiyarsa ƙalau. Irinsa ya fi kowa buƙatar ya rage girman aikin tun farko don ya bar wa ko-ta-kwana wuri, ya kuma fara da abin da ba a gani, wato rufi, ruwa da wuta, kafin abin da baƙo zai yaba. Biyan mai famfo kuɗin yini ɗaya ya fasa ɗan wuri ya leƙa kafin a yi ciniki ya fi sauƙi a kan jin labarin bayan an sauke kwalayen tayil a ƙofar gida.

A nawa banɗakin, kwana huɗu sun zama ashirin da uku. Kafin a mayar da filasta, mai famfon ya ce in ɗauki hoton bangon da wayata yadda bututun ya bi, ya tsaya a gefe ya miƙa tef ɗin awo daga kusurwa don lambar ta fito a hoton. Ya ce, "Ajiye shi, Maigida. Wata rana wani zai zo kafa ƙusa a nan."